Kyaftin Hedley Verity: Daga Filin Kurket Zuwa Filin Daga

Laccar da aka gabatar a zauren taron Ƙungiyar Ɗalibai

 

Abin da zan yi magana a kansa shi ne rayuwar wani Baturen Ingila mai suna Hedley Verity, wanda aka haifa a 1905, ya rasu a 1943 yana da shekara 38. Mutumin nan ya yi suna ta fuska biyu. Da farko ya zama ɗaya daga cikin manyan gwanayen wasan kurket, daga baya kuma ya zama hafsan soja mai muƙamin kyaftin, ya ja ragamar mutanensa a Yaƙin Duniya na Biyu har ya gamu da ajalinsa a ƙasar Italiya. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗalibin jami'a da labarin ɗan wasan da ya mutu fiye da shekara 80 da suka wuce? Amsar ita ce, Turawan Ingila suna da wata tsohuwar da'awa game da tarbiyya, wadda suka gina manyan makarantunsu a kanta. Da'awar kuwa ita ce, filin wasa shi ne makarantar farko ta shugaba, musamman hafsan soja. Har akwai maganar da ake jingina wa Janar Wellington, wai a filayen wasan makarantar Eton aka ci yaƙin Waterloo na 1815, ko da yake masana tarihi ba su yarda shi ya faɗe ta ba. Da wannan ra'ayi suka zo ƙasarmu, shi ya sa aka riƙa buga kurket a Kwalejin Katsina, wadda ta zama Barewa. Nufina a yau shi ne mu auna wannan da'awa da rayuwar mutum guda wanda ya san filin wasa ya kuma san filin daga, mu ga inda ta yi gaskiya da inda ta gaza.

Yadda wasan yake

Tun da yake ba kowa ne a cikinmu ya saba da kurket ba, ya kamata in ɗan bayyana shi, don alƙaluman da zan kawo su yi ma'ana. Ƙungiya biyu ne ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani zirin ƙasa da aka daddaɓe, tsawonsa yadi 22, a kowane ƙarshensa an kafa turaku uku, an ɗora 'yan guntayen itace biyu a kansu. Mai jifa yakan jefo ƙwallo daga wancan ƙarshe, ta dira ƙasa ta nufi turakun, mai bugu kuwa yana tsaye da katako a hannunsa yana kare su. In ya buga ta yi nisa, sai shi da abokinsa su ruga su sauya wuri, kowace sauyawa maki ɗaya ke nan. Ana fitar da mai bugu idan ƙwallo ta doki turaku, ko aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ko ya tare da ƙafarsa ƙwallon da za ta doki turaku. In an fitar da mutum goma, zubin wannan ƙungiya ya ƙare, sai ɗayar ta shiga. Jifa shida a jere daga hannun mutum ɗaya shi zan riƙa kira jeri.

Abin da ake nufi da kurket mai daraja ta ɗaya shi ne wasan da aka tsara zai ɗauki kwana uku ko fiye, kowace ƙungiya ta yi zubi biyu, kuma hukumar wasan ta amince da matsayin ƙungiyoyin. A Ingila gasar gundumomi ita ce ginshiƙinsa, ƙololuwarsa kuwa ita ce karawar ƙasa da ƙasa da ake kira Tes.

Masu jifa iri biyu ne. Akwai masu ƙarfi, waɗanda ke tsorata mai bugu da saurin ƙwallo. Akwai kuma masu murɗiya, waɗanda ke jefowa a hankali, amma sun murza ƙwallon da yatsu, yadda da ta dira ƙasa sai ta kauce ta bar inda mai bugu ke zaton ta. Verity yana cikin waɗannan na biyu, kuma bahago ne. A zamaninsa ba a rufe zirin wasa in ana ruwan sama. Saboda haka in ruwa ya jiƙa ƙasa, rana ta fito ta fara busar da samanta alhali ƙarƙashi da danshi, sai ƙwallon da aka murza ta riƙa cizon ƙasa tana zabura. A irin wannan rana, mai murɗiyar da ya san aikinsa ba ya taruwa.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Hedley Verity ran 18 ga Mayu 1905 a unguwar Headingley ta birnin Leeds, cikin gundumar Yorkshire, kusa da filin da daga baya zai yi manyan abubuwan bajintarsa. Ya tashi a garin Rawdon, inda mahaifinsa ke sayar da kwal. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya shiga taya mahaifinsa aiki, amma zuciyarsa tana kan abu ɗaya, watau ya buga wa Yorkshire. A wancan zamani ƙungiyar ba ta ɗaukar kowa sai wanda aka haifa a cikin gundumar, kuma gurbin mai murɗiya bahago yana hannun Wilfred Rhodes, wanda ya fitar da mutum 4,204 a rayuwarsa ta wasa, adadin da har yau ba wanda ya kai shi. Muddin Rhodes yana nan, babu ƙofa.

Da farko ma Verity ba mai murɗiya ba ne, jifa yake yi mai matsakaicin sauri, kuma bai yi fice da shi ba. Sai ya tafi maƙwabciyar gunduma, Lancashire, ya yi wa kulob ɗin Accrington wasa a 1927, sannan ya koma Middleton. A cikin waɗannan shekaru ne, bisa shawarar George Hirst da Rhodes kansa, ya sauya salo ya koma murɗiya, watau ya sake koyon sana'arsa tun daga tushe a lokacin da sa'o'insa suka riga suka yi nisa. Bai sami shiga ƙungiyar Yorkshire ba sai a watan Mayu 1930, yana da shekara 25, a shekarar da Rhodes ya yi ritaya yana da shekara 52. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. A wannan shekara ta farko ya fitar da mutum 64, kuma shi ne ya zo na ɗaya a duk Ingila wajen ƙarancin makin da ake ci a kansa kafin ya fitar da mutum.

Shekaru goma na ganiya

Duk rayuwarsa ta kurket mai daraja ta ɗaya shekara goma ce kacal, daga 1930 zuwa 1939. A cikinsu ya fitar da mutum 1,956, kuma in aka raba, maki 14.90 ake ci a kansa kafin kowane mutum ɗaya ya fita. Ya buga wa Ingila Tes 40, ya fitar da mutum 144. Yorkshire kuwa ta ci gasar gundumomi sau bakwai a cikin shekarun nan goma. Zan tsaya a kan ranaku uku kawai.

Ta farko ita ce 18 ga Mayu 1931, ranar da ya cika shekara 26. A filin Headingley ya fitar da dukkan mutum goma na ƙungiyar Warwickshire shi kaɗai, aka ci maki 36 a kansa. Yawancin masu jifa sukan gama rayuwarsu ba su taɓa yin haka ba ko sau ɗaya.

Ta biyu ita ce 12 ga Yuli 1932, a wannan fili dai, da ƙungiyar Nottinghamshire. An yi ruwa, rana kuma ta fito. 'Yan Nottinghamshire sun kai maki 44 ba a fitar da kowa ba, amma aka tashi zubinsu a kan 67. Verity ya yi jifa 118, a cikin jeri 16 ba a ci ko maki ɗaya a kansa ba, ya fitar da mutum uku da jifa uku a jere, ya kuma kwashe dukkan goman a kan maki 10 kacal. Har yau, a duk tarihin kurket mai daraja ta ɗaya, ba wanda ya fitar da mutum goma da makin da ya gaza wannan. Don kada a ce ƙasar ce ta lalace har ba ta buguwa, nan take Percy Holmes da Herbert Sutcliffe na Yorkshire suka shiga suka ci maki 139 da ake bukata ba tare da an fitar da ko ɗayansu ba.

Ta uku ita ce Litinin 25 ga Yuni 1934, a filin Lord's na birnin Landan, a Tes tsakanin Ingila da Ostareliya. Ingila ta ci 440 a zubinta. Aka yi ruwa a ƙarshen mako. Ran Litinin Verity ya fitar da mutum 14 a yini ɗaya, ya zama yana da 15 a wasan a kan maki 104, Ostareliya ta tashi da 284 da 118, Ingila ta ci ba tare da ta sake shiga zubi na biyu ba. A zubin nan biyu duka shi ya fitar da Don Bradman, mai bugun da ake ganin ba a taɓa yin kamarsa ba, wanda matsakaicin makinsa a Tes ya kai 99.94. Sau takwas Verity ya fitar da shi a Tes, ba wanda ya yi yawan haka. Ingila ba ta sake cin Ostareliya a filin Lord's ba sai a 2009, bayan shekara 75.

Abin lura a nan shi ne yadda yake aikin. Ba ƙarfi yake nunawa ba. Yakan nazarci mai bugu, ya gane inda ƙafarsa ke jinkiri da inda haƙurinsa ke ƙarewa, ya jera abokan wasansa a wuraren da yake sa ran ƙwallo za ta tashi, sannan ya yi ta dira ƙwallo a wuri ɗaya, jeri bayan jeri, har mutum ya gaji ya yi kuskuren da aka haƙa masa. In ƙasa ta bushe ba ta taimakonsa, sai ya tsare gefensa ya hana maki, don masu jifan ƙarfi su huta. Wannan aiki ya yi a ziyarar Ostareliya ta 1932 zuwa 1933, ƙarƙashin kyaftin ɗin ƙungiya Douglas Jardine, ziyarar da ta jawo babbar rigima domin Jardine ya sa Harold Larwood da Bill Voce su riƙa auna jikin masu bugu da ƙwallo, har aka fasa wa Bert Oldfield kai a Adelaide, hukumomin wasan ƙasashen biyu suka yi ta musayar zafafan wayoyin tangaraho. Verity bai yi irin wannan jifa ba, amma yana ganin girman Jardine ƙwarai. Ɗansa na fari ya sa masa Wilfred saboda Rhodes, na biyu kuwa Douglas saboda Jardine.

'Yan sha'awa da 'yan albashi

Akwai wani al'amari da ba za a fahimci hafsancin Verity ba sai da shi. Kurket na Ingila a wancan zamani ya kasu gida biyu. Akwai masu yi don sha'awa, yawancinsu 'ya'yan masu hali waɗanda suka fito daga manyan makarantu da jami'o'in Oxford da Cambridge, akwai kuma masu yi don albashi, 'ya'yan ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa. A filaye da yawa kowane ɓangare da ɗakin sauya tufafinsa, wani wuri ma har da ƙofar shigarsa fili. Shugabancin ƙungiya kuwa na 'yan sha'awa ne, ko da ɗan albashi ya fi su sanin wasan nesa ba kusa ba. Sai a 1952 aka naɗa ɗan albashi, Len Hutton, ya shugabanci ƙungiyar Ingila, kuma ba a soke wannan bambanci ba sai a ƙarshen 1962.

Hafsoshin sojan da suka buga kurket mai daraja ta ɗaya suna da yawa, har rundunar sojan Ingila tana da ƙungiyarta da ta yi irin waɗannan wasanni tsakanin 1912 da 1939. Amma kusan dukkansu daga gidan 'yan sha'awa suka fito, domin gidajen da ke ba da shugabannin ƙungiya su ne ke ba da hafsoshi. Verity ɗan albashi ne, ɗan mai sayar da kwal, wanda ya bar makaranta yana ɗan shekara 14. Tsarin da ya hana shi shugabancin mutum goma a filin wasa, shi ne kuma, da wuya ta yi wuya, ya danƙa masa rayukan mutum fiye da 100 a filin daga. Wannan ya nuna mana cewa da'awar da muke aunawa tana ɗauke da wani son kai a cikinta. Da suka ce filin wasa ke haifar da shugaba, filin makarantun 'ya'yan manya suke nufi. Rayuwar Verity ta nuna cewa halayen da suke yabo, watau haƙuri da natsuwa da sanin ya kamata, ba gadon wani gida ba ne.

Shirin yaƙi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin yaƙi ya ɓarke Verity ya hango shi. A ziyarar da ƙungiyar Ingila ta kai Indiya a 1933 zuwa 1934 ya san wani hafsa mai suna Arnold Shaw, na rundunar Green Howards. Da suka sake haɗuwa a 1938, shekarar da Hitila ya tasa ƙasar Cekosulobakiya gaba, sai Shaw ya ba shi shawarar ya fara karatun littattafan aikin soja. Haka kuwa ya yi. Da ƙungiyar ta tafi Afirka ta Kudu a ƙarshen wannan shekara, ya tafi da littattafan yana nazarinsu. A wannan ziyara ce aka yi Tes ɗin nan na Durban a watan Maris 1939, wanda aka shiga kwana na goma ba a gama ba, aka bar shi don kada jirgin ruwan komawa gida ya tashi ya bar su.

Ran 1 ga Satumba 1939 sojojin Jamus suka afka wa ƙasar Polan. A ranar Yorkshire tana kwana na uku na wasanta da Sussex a garin Hove. Aka yarda a ƙarasa wasan, domin an keɓe kuɗin ƙofarsa don amfanin wani tsohon ɗan wasan Sussex, Jim Parks. Verity ya fitar da mutum bakwai a kan maki tara, Sussex ta tashi da 33. Wannan shi ne wasansa na ƙarshe mai daraja ta ɗaya. Bayan kwana biyu Ingila ta shiga yaƙi.

A lokacin yana da shekara 34, da mata da 'ya'ya biyu. A watan Janairu 1940 aka ba shi muƙamin ƙaramin laftanan a rundunar Green Howards, tsohuwar runduna ta mutanen Yorkshire mai hedkwata a garin Richmond. Ya fara da horar da kurata, aka ƙara masa girma zuwa kyaftin, aka tura shi Bataliya ta Ɗaya, inda Norman Yardley, abokin wasansa a Yorkshire kuma ɗan sha'awa daga Cambridge, shi ma yake hafsa. A 1941 suna garin Omagh a Ayalan ta Arewa. A 1942 aka kwashe su zuwa Indiya, inda atuni ya kama shi ya galabaitar da shi ƙwarai, amma da ya sami sauƙi ya koma wa mutanensa. Daga nan suka bi ta Farisa da Siriya da Masar, suna atisaye suna jiran ranar da za a ce su ƙetare teku.

Daren Catania

Ran 10 ga Yuli 1943 sojojin Ingila da Amurka da Kanada suka sauka tsibirin Sisili, watau ƙofar shiga Italiya daga kudu. Bataliyar Verity tana cikin Runduna ta Takwas ta Janar Montgomery, wadda ta sauka a gabashin tsibirin ta nufi arewa. Kwanakin farko tafiya ta yi sauƙi, amma da suka isa filin Catania, wani shimfiɗaɗɗen fili na gonaki a gindin dutsen Etna mai aman wuta, sai suka tarar Jamusawa sun haƙa ramuka sun kafa bindigogi suna jiran su.

A daren 19 ga Yuli aka umurci bataliyar ta kai hari. Verity ne ke jan kamfani guda. Tsarin shi ne igwa ta riƙa zuba wuta a gabansu, su kuma suna biye da ita. Amma cikin duhu lissafi ya rikice, bindigogin Jamusawa suka buɗe musu wuta daga gaba da gefe, gonakin hatsin da suke ratsawa suka kama da wuta, hasken ya tona asirin inda suke. Akwai wani gidan gona da wutar ta fi fitowa daga cikinsa, Verity ya tura sashe ɗaya na mutanensa su kame shi, wani sashe kuma ya kare su. Ana cikin haka ɓarɓashin ƙarfe ya same shi a ƙirji ya faɗi. Mataimakinsa ma an kashe shi a wannan dare. Umurni na ƙarshe da mutanensa suka ji daga bakinsa shi ne su ci gaba, kada su tsaya.

Harin bai yi nasara ba, aka janye. Sojan da ke yi masa hidima ya ƙi barinsa, ya zauna tare da shi har gari ya waye Jamusawa suka kama su. Aka yi masa aiki a asibitin fagen fama, sannan aka ƙetare da shi mashigin Messina zuwa Italiya, aka yi ta jan sa cikin jirgin ƙasa da zafin bazara har Naples, daga nan zuwa asibitin soja na Caserta. Yana kan wannan hanya ne aka tuɓe Musolini daga mulki, ran 25 ga Yuli. A Caserta likitoci suka ga wani ƙashin haƙarƙari yana danne masa huhu, suka yi masa aiki da allurar kashe zafin wurin kawai, ba a sa shi barci ba. Jini ya ƙi tsayawa. Ya cika ran 31 ga Yuli 1943. Labarin rasuwarsa bai isa Ingila ba sai ran 1 ga Satumba, shekara huɗu daidai da wasansa na Hove. Bayan mako guda da isar labarin aka yi shelar cewa Italiya ta ajiye makamai.

An binne shi a maƙabartar sojoji ta Caserta. A 1954, da ƙungiyar Ingila za ta Ostareliya, jirginsu ya tsaya a Naples, Len Hutton da abokansa suka je suka ziyarci kabarinsa.

Abin da ma'auni ya nuna

To, jama'a, mu koma ga da'awar da muka fara da ita. A ganina ta yi gaskiya ta fuska ɗaya. Mutumin da ya yarda ya sake koyon sana'arsa bayan ya girma, ya jira har shekara 25 kafin ƙofa ta buɗe masa, shi ne mutumin da ya ɗauki littattafan soja tun yaƙi bai zo ba. Wanda ya saba jera mutane a fili bisa nazarin abokin karawa, bai sha wuyar gane yadda ake raba kamfani a kai hari ba. Wanda ya saba tsare gefensa don wani ya huta, shi ne ya koma wa bataliyarsa da rashin lafiya a jikinsa. Wasa ya horar da shi, wannan ba musu. Sai dai mu lura, hali ɗaya ne ya bayyana a wuri biyu, kuma da noma ko koyarwa ya sa gaba, da wannan hali zai yi su. Saboda haka kada ɗalibi ya raina abin da yake yi a filin wasa ko a ɗakin karatu, domin yadda ya saba yin ƙaramin aiki haka zai yi babba.

Amma da'awar ta gaza ta wata fuskar, kuma gazawar mai haɗari ce. Tana sa matasa su ɗauka yaƙi wani babban wasa ne. A kurket akwai alƙali, akwai doka, ana tashi a sha shayi, in ruwa ya sauko a dakata, wanda aka fitar kuma yana da zubi na biyu. A filin Catania babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hausawa sun ce yaƙi ɗan zamba ne. Duk gwanintar Verity ta nazari da lissafi ba ta hana gona kamawa da wuta ba, kuma ƙarfen da ya same shi bai san wane ne Bradman ba. Ba shi ne na farko ba kuwa. Colin Blythe na gundumar Kent, shi ma bahago mai murɗiya, wanda ya fitar da mutum 100 a Tes, an kashe shi a ƙasar Beljiyam a watan Nuwamba 1917, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ken Farnes, abokin wasan Verity a ƙungiyar Ingila, ya mutu a haɗarin jirgin sama na soja a 1941. Yaƙin da aka yi da Hitila yaƙi ne da ya zama dole, amma dolensa ba ta rage tsadarsa ba. Ku da za ku zama masu faɗa a ji a gobe, in kuka ji wani yana zancen yaƙi da irin bakin da ake zancen gasa, ku tambaye shi ko 'ya'yan wa za a tura.

Abu na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye. Mun san labarin Verity dalla-dalla ne domin kurket wasa ne na rubutu. Kowace jifa akwai magatakardan da ke rubuta ta, kuma littafin shekara-shekara na Wisden, wanda ya sa Verity cikin gwanayensa biyar a 1932, yana fitowa tun 1864. A wannan shekara ta 1943 da ya rasu, aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka kwashi dubban kakanninmu zuwa Indiya da dazuzzukan Bama. Sunayen barikokin Dodan a Ikko da Dalet a Kaduna daga wuraren da suka yi faɗa a can aka samo su. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangoon akwai bango mai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da ba a san kaburburansu ba, a cikinsu har da mutanenmu. A cikin mazan jiyan nan akwai 'yan dambe da 'yan kokawa da manoma da maƙera waɗanda garuruwansu suka san bajintarsu, amma ba magatakardan da ya zauna gefen fili yana rubutawa. Waɗanda suka je kusan duk sun kau, sai dai 'ya'yansu da jikokinsu suna nan, da lambobin yabo a ƙasan adaka, da labaran da suka ji a tsakar gida. Ina roƙon wannan ƙungiya, musamman ɗaliban tarihi da na harshe, in an tafi hutu kowa ya nemi irin wannan gida a garinsu, ya zauna ya saurara, ya rubuta suna da runduna da shekara da abin da aka tuna, a kawo wa wannan mujalla ta buga.

Malam Shugaba, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi.